Rarar Shekara Goma Sha Huɗu

Kakana Tsolak ya koyar da lissafi
shekara arba'in a ƙauyenmu na bakin kogin Aras.
Ya ajiye alli, bai ajiye ƙirga ba.
Yanzu mutanen farko yake yi wa jarrabawa.

Da la'asar, a ƙarƙashin rumfar inabi,
yakan buɗe littafi biyu bisa tebur mai ɗingishi:
ɗaya an juyo shi daga Ibrananci,
ɗayan, mai warin kyandir, ta Girkanci ya biyo.
Wane ya haifi wane, ya daɗe, ya kau.
Kaka na bin su da fensir
kamar mai bin bashi gida-gida.

Ɗari da tamanin da bakwai,
ɗari da tamanin da biyu, sai ɗari shida na Nuhu.
Ya ja layi. Ɗari tara da sittin da tara, cif.
Metusela ya cika a shekarar da sama ta ɓalle.
A kan shimfiɗa ne, ko ruwa ne ya ci shi?
Shafin ya yi gum.

Sai littafi na biyu ya kawo rigima.
A can, tufana ta zo ta wuce
tsohon yana da sauran shekara goma sha huɗu a hannu.
"Mutum takwas ne a jirgi," in ji Kaka,
"kuma babu shi. To a ina ya raɓe?
Wane tudu ne ruwa ya ji kunyarsa?"

Limamin cocinmu, Ter Ghebond, ya zo shan shayi,
ya ce hannun magatakarda ne ya zame,
dare ya yi, fitila ta yi ƙasa.
Ya ce kuma ɗa a bakin mutanen dā
yakan zama jika, ko tattaɓa kunne,
shekarun nan rigar girma ce, ba rasit ba.
Kaka ya ce rigar da ta fi mai ita tsawo
ai sai ta kayar da shi.
Suka yi ta yi har shayi ya huce.

Kakata Nubard tana bakin tanderu duk wannan lokaci,
tana manna gurasa a jikin bango mai zafi.
Ba ta ɗago ba ta ce,
"Ku da kuka iya ƙirga, mata nawa kuka samu?
Wa ya yi naƙudar duk waɗannan maza?
Matar da ta share kashin dabbobi shekara guda a jirgi,
yaya sunanta?"

Daga nan ta goge hannu, ta shiga ɗaka,
ta fito da wani ƙyalle da ya sha wanki.
Kakarta Arshaluys ce ta ɗinke shi a gefen zane
daren da ta haye kogin nan da jariri a baya.
Suna bakwai, da jan zare.
Babu shekara ko ɗaya.
Na bakwai ma zaren ya ƙare a tsakiyarsa.
"Namu ruwan," ta ce, "ba daga sama ya zo ba.
Ba ta rubuta don a tara a debe ba.
Ta rubuta don kada a ce ba a yi su ba."

Can ƙetaren wayar iyaka
dutsen Ararat ya yi zaune da farin kansa,
kullum muna ganinsa, ba ma taka shi.

Kaka ya daɗe yana juya fensir.
Na zaci zai goge.
Sai ya rubuta goma sha huɗu a gefen shafi,
ya kewaye ta, kamar yadda yake yi wa amsar yaron
da bai ci ba, amma bai yi wauta ba.
Ya ce in kawo masa tabarau ɗaya,
yana so ya ga rabin sunan nan da kyau.